Ga kaya a France Road, ina mai ɗaurawa?

Duk abin da gida yake bukata, daga ƙusa har tankin ruwa, ana samun sa tsakanin France Road da kasuwar Sabon Gari. Famfo, fayif, waya, soket, makulli, tayil, fenti, injin jawo ruwa: kafin azahar mutum ya gama sayayya ya loda a adaidaita sahu, abin da ya rage kuma ya leƙa Ƙofar Ruwa. Daga Katsina da Haɗeja, har Damagaram da Maraɗi, nan ake zuwa sari. Amma mu da muke zaune a bakin kasuwar, ranar da famfon banɗaki ya fara yoyo sai ka gan mu muna bin maƙwabta muna tambaya, "Don Allah, kana da lambar wani falamba mai amana?" Wanda ka tambaya ya ɗan yi jim, ya ba ka lamba, sannan ya biyo ka da, "Amma fa ka tsaya a kansa."

Ni ɗan Fagge ne. Tun rasuwar mahaifinmu 'yan'uwa suka ɗora mini kula da gidan hayar da ya bari a Sabon Gari, irin tsohon ginin nan mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki da kicin a ƙurya, kowa yana amfani da su. Wannan ɗawainiya ta sa na san birkiloli da kafintoci da masu wayarin fiye da yadda na so. Abin da na fahimta shi ne, gwanaye ba su ƙare a Kano ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya wa mai aiki, wanda za ka je wurinsa idan aiki ya lalace.

Abin takaicin, Sabon Gari da masu sana'ar hannu aka kafa ta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, a 1913 kuma Turawa suka yanka wannan unguwa a wajen ganuwa domin baƙin da suka biyo jirgi: akawuna, ma'aikatan reluwe, kafintoci, birkiloli, masu haɗa ƙarfe, daga Ikko da ƙasar Yarbawa, daga Saliyo da Gwalkwas, daga baya Inyamurai suka zo da yawa. Sunayen tituna har yau suna ba da shaida, ga Freetown, ga Gold Coast, ga Abeokuta da Enugu. Waɗannan mutane a ma'aikata suka koyi aiki, ƙarƙashin hedimanin da zai sa ka rushe abin da ka gina idan ya karkace.

A cikin birni kuwa akwai namu tsarin, wanda ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Gini sana'ar gado ce, da Sarkin Magina a kanta, kamar yadda maƙera suke da Sarkin Maƙera. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya daɗe kafin a bar shi ya jera azara. Irin wannan tarbiyya ce ta fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Magini a wancan lokaci yana da unguwa, yana da uba, yana da sarki. In soron da ya yi maka ya zuba a daminar farko, ka san ƙofar da za ka yi sallama, shi ma ya san abin kunyar ba a kansa kaɗai zai tsaya ba. Mu mutanen Fagge mun san wannan ta wata fuskar: baƙon falke ba ya cin bashi a kasuwa sai mai masaukinsa ya lamunce masa.

Yau abin da ya haɗa ka da mai gyara lambar waya ce kawai. In ya kashe wayar, shi ke nan.

Akwai wani dattijo falamba, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, wanda tun zamanin mahaifinmu shi yake yi mana aiki. Yanzu gwiwa ta hana shi tsugunno mai tsawo. Na taɓa ce masa, "Baba, ina yaranka? Ka ba ni ɗaya mana." Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yaran da na yaye suna Abuja suna yi wa masu kuɗi aiki. Waɗanda ban yaye ba su ne suka cika gari, kowa oga ne." Ya ce shi shekaru ya yi yana ɗaukar wa maigidansa akwatin kayan aiki kafin a ba shi sifana ya kama famfo, ranar yayensa kuma sai da aka tara manyan sana'a suka sa albarka. Yanzu yaro yana yin wata shida, ya iya shafa gam ya haɗa fayif biyu, sai ya sayi zarto ya buga lambarsa a bango.

Ban ga laifin yaron gaba ɗaya ba. Ɗan koyo ba shi da albashi, sai ɗan kuɗin abinci in oga ya ga dama, alhali abokinsa yana komawa gida kullum da kuɗi a aljihu. Da acaɓa ce take janye samari. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, adaidaita sahu ta gaje ta, ga kuma POS da gyaran waya a Farm Centre da Beirut Road. Uban da yake fama da cefane ba zai iya jiran shekara huɗu ba.

Amma illar rabin ilimi a bango take ɓuya, shi ya sa maigida ba ya gane ta sai ta yi ɓarna. Ɗauki wayarin. Kowace waya da nauyin da take ɗauka: mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma suna son 4 ko fiye. Wanda bai koya ba, ko wanda ya koya amma yana son ya rage wani abu, sai ya ja 1.5 ko'ina. Fitila za ta kama, fanka ta juya, ka biya shi har da godiya. Ranar da ɗan haya ya jona dutsen guga da hita lokaci guda, waya ta yi zafi a cikin silin inda ba mai gani. Sannan ita kanta wayar akwai ta jabu, alminiyon ne a ciki aka shafa masa ruwan jan ƙarfe. In ka kankare ta da wuƙa sai farin ya bayyana. Hukumar kashe gobara ta Kano ta sha ambaton kayan lantarki marasa inganci cikin abubuwan da suke jawo gobara a jihar. Wanda ya ga yadda wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wuta take yi a wuri mai cunkoso.

Haka bulo. Buhun siminti kilo 50 ne, magina na ƙwarai kuma za su gaya maka bulo mai inci tara da ya fita daga buhu ɗaya bai kamata ya wuce talatin da wani abu ba. Akwai masu buga fiye da haka sosai, su kuma ƙi shayar da shi ruwa yadda ya dace, ka murza gefensa da yatsa ya zube. Aikin famfo ma haka: fayif ɗin ƙazanta yana son gangara daidai, in ya kwanta sosai ya toshe, in kuma aka sa sirara mai arha a inda injin yake turo ruwa da ƙarfi, ta fashe a cikin bango, fenti ya fara kumbura. Ginin bene da ya rufta a Beirut Road a ƙarshen Agustan 2022 ana cikin aikinsa, ya danne mutane, babban abu ne da ya shiga labarai. Ƙananan irinsa, silin da ya faɗo da sokawe da ta burma, kullum ana yi, ba mai ji sai maƙwabta.

To, a nan sai mu masu gidaje mu dubi kanmu, domin hanyar da muke ciniki ita take koya wa mai aiki ha'inci. Mutum zai biya kuɗin tayil ba musu saboda yana ganin sa a kwali, amma da an zo kuɗin aiki sai ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan abin?" Ya raba kuɗin biyu. Mai aiki ya ce to, don ya san inda zai fanshe: shi za a aika sayen kaya. A kasuwa akwai mai kyau, akwai mai bi masa, akwai na ƙarshe, duk kamanninsu ɗaya a idon wanda bai sani ba, kuma ba wuya a rubuto rasit da farashin na farko a ɗauko na uku. Arha ba ta ado, mun sani, amma kullum ita muke nema.

Ɓacewa bayan an karɓi kafin alƙalami ma tana da dalili, ko da yake dalilin ba ya wanke mai yi. Tunda aiki ɗaya ba ya riƙe shi, sai ya karɓi uku, ya ci kuɗin wannan ya toshe na wancan. "Gani nan zuwa, Alhaji, ina Bata," alhali yana Kurna a kan wani rufin. Tashin farashi ya ƙara dagula lissafin. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba, a Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama. Birkilan da ya yi jinga har da kaya kafin tashin, ko dai ya cika daga aljihunsa, ko ya ƙara yashi, ko ya gudu. Kaɗan ne suka zaɓi na farko.

Sabon Gari kuma tana da nata ciwon na daban. Yawancin mazauna 'yan haya ne, masu gidajen da yawa ba sa zaune a ciki, wasu ma ba sa garin, sai wakili mai karɓar kuɗi. Ɗan haya ba zai kashe kuɗi mai yawa a gidan da za a iya ba shi notis baɗi ba, wakili ba ya son a taɓa kuɗin haya, maigida yana nesa. Saboda haka ba a gyara, sai dai faci: a ɗaure fayif da robar taya, a liƙe kwano da kwalta, a ƙara jona waya a kan wadda aka jona. Gwani ba ya son irin wannan aiki, domin in ya faɗi gaskiya cewa sai an sauya layin gaba ɗaya, za a ce yana neman cuta. Sai a kira mai faci. Shi kuwa faci shi ne abincinsa, domin bayan wata biyu za a sake kiran sa.

Wani zai ce ai akwai takardar shaida. Akwai kam. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku. Hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 tana shirya jarrabawar makarantun koyon sana'a, hukumar horas da ma'aikata ta ITF tana nan tun 1971, hukumar NEMSA kuma tana ba masu haɗa wutar lantarki lasisi bayan ta gwada su. Kano tana da kwalejojin fasaha a Wudil da Bagauda da Ungogo da cikin gari, ga cibiyar koyon sana'a mai sunan Aliko Ɗangote a titin Zariya. Sai dai ban taɓa ganin maigidan da ya ce wa mai wayarin, "Nuna mini lasisinka," ba, kuma takardar da ba a tambaya ba mai wahalar da kansa ya nemo ta. A Jamus mutum ba ya buɗe shagon aikin famfo ko na lantarki haka kawai, doka ta ɗora sana'ar a kan wanda ya kai matsayin gwani da jarrabawa. Ba sai mun je nesa ba ma: masu manyan gine-gine a Nijeriya sun daɗe suna ɗauko masu tayil da silin daga Togo da Kwatano, suna biyan su fiye da na gida. Can har yanzu koyon sana'a da yarjejeniya ake yi tsakanin iyaye da oga, da shekarun da aka yanka, da bikin yaye.

Ni dai abin da ya fi yi mini amfani shi ne neman wanda yake da abin da zai rasa. Nakan fara da tsohon mai shagon kaya wanda ya shekara da shekaru a wuri ɗaya, in ce, "Oga, wa kake ba wa aikin gidanka?" Wanda ya nuna mini, shagonsa ne ya lamunce masa, kuma shago ba ya kashe waya ya ɓace. Ina zuwa in ga wani aikin da mutumin ya yi wanda damina ta riga ta bi ta kansa. Kaya tare muke saye, kuɗin aiki ba na matse shi, amma kashi-kashi nake biya, na ƙarshe sai an saki ruwa ko an kunna wuta mun gani tare. Da yawan sana'o'in nan suna da ƙungiyoyi da shugabanni, wanda yake cikinsu ya fi saurin amsa kira idan aka ce za a kai maganarsa can.

Yanzu kuma ga sabuwar sana'a ta shigo, ta haɗa sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa, kowa ya koma farantin rana da batir da inbata. Sana'ar ba ta da tsofaffi, don haka ba ta da wanda zai yaye wani. Yaron da yake share shago bara, bana shi ne injiniya. 'Yan hayarmu kowa da nasa mai haɗawa, kowanne ya hau rufin da takalmi, ya taka tsohon kwano a inda babu katako a ƙasa, ya huda inda ya ga dama, ya bar wayoyi a rana ba rufi. Ruwan farko ɗakunan da ba su da sola ma sai da suka zuba. Dole na kafa doka a gidan: ba mai hawa sama sai ya zo da ogansa, na san shagonsu, kuma kafinta yana tsaye. Biyu daga cikin 'yan hayar sun ce na cika tsanani, ɗaya ma ya yi barazanar tashi, amma har yau yana nan.