Sunan Allah a Kara, Sunan Allah a Gidan Mari

Ranar Lahadi, in ka shiga karar shanu ta Mai'aduwa, ka kasa kunne. Mai saye ya taya, mai bijimi ya kau da kai ya ce "albarka", wato kuɗin bai kai ba. A ƙara, a ja, dillali ya riƙo hannun wannan ya riƙo na wancan, har a kai ga "na sallama, Allah ya sa alheri". Shi ke nan, ciniki ya faɗa, ba a rubuta yarjejeniya ba. Wanda ya koro dabbobinsa daga ƙasar Damagaram ta Kwangwalam yakan bar ragowar kuɗinsa a hannun mai masaukinsa, ya ce sai wata Lahadin. Me ya riƙe a matsayin jingina? Ya san mutumin nan yana tsoron ya mutu da haƙƙin wani a wuyansa. Ban ce babu cuta a kara ba, don wallahin wasu dillalan ta fi gishiri arha. Amma da za a zare tsoron Allah daga kasuwar nan gaba ɗaya, 'yan sandan Daura duka ba za su iya riƙe ta ba.

Amfanin bai tsaya a ciniki ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka shiga maganar tura soja. A Abuja magana ce ta siyasa. A Mai'aduwa kuwa yaƙi ne da kawu da suruki. Tawagar farko da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta ta dawo daga Yamai ba ta ga Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ba. Muhammadu Sanusi II, halifan Tijjaniyya, ya gan shi, sannan malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau na Izala suka je a watan Agusta aka karɓe su. Ba su kaɗai suka hana yaƙin ba, amma ƙofar da ta ƙi buɗuwa ga jakadu ta buɗe wa rawani. Abin sha'awa ma, ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, waɗanda mabiyansu kan ƙi bin juna salla, rannan hanya ɗaya suka bi.

To, a watan Oktoban 2019, a cikin garin Daura, 'yar tafiya kaɗan daga wannan kasuwa, 'yan sanda suka shiga wani gidan mari suka fito da mutum 67, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Makonni kaɗan kafin nan an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, aka sami mutane wajen 300. Ba sato su aka yi ba. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, wasu don shaye-shaye, wasu don ƙiriniya, suka ce "Malam, ga amana, a gyara mana shi". Gidan na Daura ya daɗe a unguwa. Maƙwabta suna wucewa, in sun ji kuka su ce karatu ne, ai ilimi ba ya shiga sai da bulala.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kalmar da ke riƙe da kara ita ce dai ta rufe ƙofar wancan gida: amana. Bambancin yana wajen ido. A kara, amana tana da masu gadi. Dillalin da ya ci kuɗin baƙo, kafin wata Lahadin labarinsa ya kai Matamaye, ba mai sake sauka gidansa. Sunan Allah yana aiki a can ne tare da idon jama'a. A gidan mari kuwa sunan Allah shi ya kori idon. Wa zai tambayi malam? Ka buɗe baki a ce kana taɓa malamai, namansu kuma guba ne. Uban da ba zai sayi akuya ba sai ya buɗe bakinta ya duba haƙori, shi ne zai miƙa ɗan cikinsa ya shekara biyu bai leƙa inda yake kwana ba.

Kada a ɗauka tsangaya nake zagi. Ita ta ba mu alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, ita ta koya wa kakanninmu ajami tun kafin Bature ya zo da boko. A da, kolo yakan yi noma a gonar malam da damina, gari kuma ya ɗauki ciyar da shi a matsayin lada. Yanzu gonar ta ƙanƙance, garin ma da ƙyar yake ci da kansa, sunan kawai ya rage yana yi wa uba rumfa.

In aka ɗora amfanin da cutar a sikeli, ni a ganina amfanin ya fi nauyi, nesa ba kusa ba. Sai dai rabon ne bai yi adalci ba. Amfanin yana zuwa ga ɗan kasuwa, ga mai gida, ga wanda yake da bakin magana. Cutar tana sauka kan wanda ba ya iya kai ƙara. A karar nan ta Lahadi za ka gan su wuri ɗaya: dillali ya karɓi la'adarsa, ya zauna gaban mai shinkafa da wake, yaro ɗan shekara bakwai yana tsaye daga gefe da robarsa, ƙafa fururu da ƙura, yana jiran a ture masa kwano.