Buhun Taki a Liba, Mai Shi a Singafo

Manomin albasa a Liba ta jihar Kabi, idan rani ya kama, abu uku ne ba ya rabuwa da su: buhun takin yuriya, layin waya a aljihu, sai ɗan magin da uwargida ke marmasawa a miya. Duka ukun a Najeriya ake samar da su. Amma fa sau da yawa masu su ba a nan suke ba.

Ɗauki buhun nan ka juya shi. In na Indorama ne, a Eleme ta jihar Ribas aka sarrafa shi da iskar gas ɗin ƙasar nan, uwar kamfanin kuwa tana Singafo. Magi daga masana'antun Nestlé na jihar Ogun yake fitowa, hedkwata na Suwizalan. Layin da manomi yake kiran dillalin Aliero da shi don jin farashin buhu, galibi ko dai MTN ne na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo a 2001, ko Airtel na Indiya.

Masana tattalin arziki sun auna wannan harka. Binciken ƙungiyar OECD a kan alƙaluman 2014 ya nuna cewa kamfanonin da ke da rassa a ƙasashe daban-daban su ne ke samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na duk hajar duniya. Abin da rassan suka yi a ƙasar da ba tasu ba kuwa, kimanin kashi 12 cikin 100 ne.

Kashi 12 kamar ba wani abu ba ne, sai mutum ya duba inda ya zauna. Bai zauna a fadama ba, inda ake tsugunne ana dashe. Yana bakin ƙofar shiga da ta fita, wato taki da sadarwa da injin casa. Ko a nan Kabi, katafaren kamfanin shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 reshe ne na rukunin TGI, mai harkoki a ƙasashe da dama.

Ga inda lissafin ke ruɗa mutane. Duk abin da reshe ya sarrafa a nan, a cikin arzikin Najeriya ake rubuta shi. Albashi da haraji suna tsayawa gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina masu zagin kamfanonin nan gaba ɗaya ba su yi adalci ba. Rabon masu jari na riba dai sai an mai da shi dala ya haura. Ranar da dala ta yi wuya, sai baƙo ya fara naɗe tabarma: a 2023 Procter & Gamble ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya.

Mu ma dai muna yi wa wasu haka. Simintin da Dangote ke yi a Habasha da Senegal yana cikin irin wannan ƙidaya. Albasar da ake lodawa a Aliero zuwa Legas ce ba ta ciki, domin daga iri har buhu kuɗin manomi ne, in ta ruɓe a rumbu ma asararsa ce shi kaɗai.