Daga Ina Ake Fara Ƙirga Ruwan Haɗejiya?

Duk wanda ya yi damina a Haɗejiya ya san tambayar Agusta da Satumba: "Ruwa ya kai ina?" Masu jinga su duba buhunan yashi, masunci ya tsoma gora, ma'aikacin awo kuma ya karanta lambar da ke jikin sandar da aka kafa a gaɓar kogi. A ce ya karanto mita 4 a Wudil, abokin aikinsa ya karanto mita 3 a Haɗejiya. Ba a faɗi komai ba tukuna, domin kowace sanda daga nata sifirin take fara ƙirge. Sai an san tazarar sifiran nan biyu za a san gangaren ruwan.

Masu awon teku sun daɗe da wannan ciwon kai. A yawancin gaɓoɓi teku na cika tana janyewa sau biyu a rana, saboda jan wata da rana. Shi ya sa ake shafe shekaru ana rubuta hawanta da saukarta, cikakken zagayen kusan shekara 19, kafin a tsayar da matakin da za a riƙa auna zurfi daga gare shi. Mu ma tsayin ƙasarmu daga matsakaicin ruwan teku a Legas ake lissafa shi. A da safiyo ne ke ɗauko matakin nan a ƙafa, zango-zango, yana dasa turakun siminti, kuskure na taruwa a hanya. Turakun ma, wani garma ta tumɓuke, wani gini ya hau kansa.

Yau aikin ya koma hannun taurarin ɗan'adam na GPS, masu shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama. A ɗora na'ura ɗaya kan turken da aka san tsayinsa, ɗaya a gindin sandar kogi, su saurari taurari iri ɗaya na wasu awoyi. Bambancin tsayinsu sai ya fito, kuskuren bai wuce 'yan santimita ba. Ba irin na wayar hannu ba ne, wanda kan ɓata da mitoci. Tun 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin dindindin na NIGNET don irin wannan aiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tauraro yana auna tsayi ne daga wata sumul ɗin siffar duniya ta lissafi, mai kama da ƙwai. Ruwa bai san da ita ba, jan ƙasa yake bi, shi kuwa ba ɗaya yake a ko'ina ba. A kudancin Indiya saɓanin ya kai kusan mita 100. Wanda bai gyara wannan ba, sai takardarsa ta nuna ruwa na hawa tudu.

A fadamar Haɗejiya kuwa taƙi ɗaya ba wasa ba ne. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa zuwa har da rani, kachalla ta samu wurin zama, laka ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 kowa yasar kogi yake kira, kuma da gaskiyarsu. Ni dai abin da zan fara tambayar mai kwangila shi ne turkensa: daga wane sifiri ya auna gindin kogin kafin injin ya shiga, kuma daga wanne zai auna ranar da zai zo karɓar kuɗi?