Miƙa Kwatangwalo a Hankali: Jagora ga Masu Fara Koyon Rawar Bale

Rawar bale ta samo asali a fadojin sarakunan Italiya cikin ƙarni na 15, sa'an nan ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Yau ana koyar da ita a birane kamar Legas. An rubuta wannan takarda domin iyaye da malamai da ɗalibai su san yadda za a sassauta kwatangwalo ba tare da an ji ciwo ba.

Me ya sa kwatangwalo?

Rawar bale tana da tsayuwa iri biyar, kuma a dukkansu ana juya ƙafafu su fuskanci waje. Wannan juyi daga kwatangwalo yake tasowa, watau inda kan ƙashin cinya, mai kama da ƙwallo, ya shige cikin gurbinsa. Ƙananan tsokoki guda shida da ke can ƙarƙashin ɗuwawu su ne ke taimakawa wajen juya cinyar.

Halittar wannan gurbi ta bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma miƙa jiki ba ya sāke siffar ƙashi. Saboda haka ba kowa ne zai iya juya ƙafafunsa har su zama layi ɗaya ba. Ɗalibin da ya murɗe tafin ƙafa fiye da abin da kwatangwalonsa ya yarda, nauyin yakan faɗa wa gwiwa da idon sawu, daga nan sai rauni. Lalle ne gwiwa ta riƙa fuskantar inda yatsun ƙafa suka fuskanta.

Kafin a fara

Kada a miƙa jiki yana sanyi. A yi tafiya da sauri ko sassarfa na minti 5 zuwa 10, har jiki ya ɗumama. Sa'an nan a shimfiɗa tabarma a wuri mai daidaito.

Hanyoyi uku

1. A zauna, a haɗa tafin ƙafafu biyu, a riƙe idon sawu, baya a miƙe. A bar gwiwoyi su sauka da nauyin kansu. Kada a danna su da hannu.

2. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi. A ɗora idon sawun dama bisa gwiwar hagu, a kama cinyar hagu, a jawo ta wajen ƙirji sannu a hankali. Sa'an nan a sāke ƙafa.

3. A durƙusa da gwiwa ɗaya bisa abu mai taushi, ɗayar ƙafar tana gaba, tafinta a ƙasa. A matse ciki, a tura ƙugu gaba kaɗan, har a ji ja a gaban cinyar da ke baya.

A tsaya a kowace daƙiƙa 15 zuwa 30, ana numfashi kamar kullum, a maimaita sau biyu zuwa huɗu. Kada a riƙa girgiza jiki sama da ƙasa. A yi haka aƙalla kwana biyu ko uku a mako.

Gargaɗi ga iyaye da malamai

Ƙasusuwan yara ba su gama ƙwari ba, musamman wuraren da tsokoki suka manne a ƙugu. Don haka kada malami ya hau kan gwiwar yaro, ko ya danne shi domin ya kai ƙasa. Ja mai sauƙi a tsoka daidai ne. Amma zafi mai suka a matsematsi ko a gwiwa alama ce ta a dakata nan take. Idan ciwon ya kwana biyu bai lafa ba, ko yaro ya soma ɗingishi, a kai shi asibiti.

Sassaucin gaɓa aikin watanni ne. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗalibin da ya kiyaye gwiwarsa tun yana ƙarami shi ne zai daɗe yana rawa.