Darien: inda kwalta ta ƙare, mota ke shiga jirgin ruwa

Akwai matafiya da ke mayar da mota gida, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, su kama hanya daga Alaska a arewacin Amurka zuwa Ushuwaya a ƙarshen kudancin Ajantina. Sai dai a garin Yabiza na ƙasar Panama kwalta ta ƙare. Daga nan zuwa Kolombiya akwai kurmi da fadama na kusan kilomita 100 da babu hanyar mota, wato dajin Darien, wanda ƴan ci-rani fiye da 500,000 suka ratsa da ƙafa a 2023. Mai mota kuwa dole ya sa ta a jirgin ruwa, galibi daga tashar Kolon zuwa Kartahena.

Shirin yana farawa da awo. Ƙofar kwantena ta yau da kullum tsayinta wajen mita 2.28 ne, ta doguwar kwantena kuwa wajen 2.58. Shi ya sa ake sauke kayan saman mota, wasu har su rage iskar taya. Idan motoci biyu ƙanana ne, sukan haɗu a kwantena mai ƙafa 40 su raba kuɗi. Amfanin kwantena shi ne mai mota yakan ga an ɗaure ta, an rufe, an buga hatimi.

Motar da ta fi ƙarfin kwantena sai jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, irin waɗanda ke sauke motocin hannu a Kwatano da Lome. A nan sai an miƙa makulli ga ma'aikatan tasha. Saboda tsoron sata, matafiya kan kafa katako tsakanin wurin direba da ɗakin kwana, su ɗauke kwamfuta, kyamara da takardu su tafi da su.

Kamfanonin jirgi suna da sharuɗɗa: a juye tukunyar gas, kada man tanki ya wuce kwata, a fitar da abinci mai lalacewa. Mai hankali yakan ɗauki hoton motar ciki da waje, don ya zama shaida idan aka samu ɓarna.

Takardu su ne suka fi cin lokaci. A birnin Panama ƴan sanda na duba lambar shasi, su tabbatar motar ba ta sata ba ce. Sannan duwan ta soke takardar izinin shigar motar na wucin gadi. Harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin fasfo, takardar mallaka da takardar lodi na iya sa jirgi ya tashi ya bar mota.

Shi kansa matafiyin yakan hau jirgin sama, ko kwalekwale mai filafilai ta tsibiran San Balas. A Kartahena kuma wani sabon layi ke jiransa: kuɗin tasha, izinin duwan, da inshorar dole kafin taya ta taɓa titi. Idan takarda ta yi jinkiri, kuɗin ajiya da na masauki sai hauhawa, tunda gidan nasa yana kulle a tasha. Don haka waɗanda suka saba sukan nemi wakilin fito da gurbi a jirgi makonni kafin su isa Panama, su kuma ware kuɗin ko-ta-kwana.