Kamun Kifi da Bazara a Kankiya da Kusada

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina cikin watan Afrilu, ya ratsa ta Kankiya, ba zai ce ƙasar kifi ya ke ratsawa ba. Gonaki sun bushe, rafuka sun zama yashi, rana kuwa tana dukan mutum kamar da gayya. Amma in ya saki kwalta ya nufi gabas zuwa Kusada, kusa da iyakar Jihar Kano, zai tarar da ruwa kwance a bayan madatsa, yara da manya suna zaune a baki kowa da sandar fatsarsa. Haka kuma abin ya ke a sauran tafkuna da ƙananan madatsun ruwa na wannan yanki.

Mu mutanen nan ba Sarkawa ba ne, kakanninmu manoma ne. Ba mu da babban kogi irin na Argungu ko na Yawuri. Dā sai damina ta cika kududdufai a ke samun ɗan abin sawa a miya. Madatsun ruwa su ne su ka sake al'amarin. An gama Tiga a ƙasar Kano cikin 1974, aka gama Zobe kusa da Dutsin-ma cikin 1983, tun Katsina tana cikin Jihar Kaduna, gama sai 1987 aka ba ta jiharta. An gina su domin ruwan sha da noman rani, sai ga kifi ya zo kamar gyara. To, gyaran nan ne mu ke so mu yi magana a kansa, domin in ba mu lura ba, za mu cinye shi har da irinsa.

Ba mu kaɗai ke son ƙaramin kifi ba. A Amurka akwai wani da su ke kira kirafi, mai faɗin jiki, girmansa bai fi ya cika kaskon suya ba. Lokacin zafinsu, watau daga Yuni zuwa Agusta, iyali su kan fita bakin tafki domin kamunsa. Sun lura cewa in ruwan sama-sama ya yi ɗumi, sai kifin ya gangara ƙasa, ya laɓe a jikin itatuwan da su ka nutse. A jihohi da yawa kuma doka ta ƙayyade yawan da mutum zai kama a rana ɗaya, a wasu tafkuna har da tsawon da kifi zai kai kafin a tafi da shi gida.

Namu irin wannan shi ne karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Tare da ita akwai kawara, da kurungu mai ƙaya, da tarwaɗa mai gashin baki. Lokacin zafinmu kuwa shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu. Sa'an nan ruwa ya janye, kifi ya taru wuri ɗaya, aikin gona bai kankama ba, hatsin rumbu ya fara ja da baya, nama kuma ya yi tsada. Karfasa biyar a ƙwarya ba ƙaramin taimako ba ne ga uwargida.

Kayan fatsa ba su da wuyar samu. Sandar gora siririya, da zaren roba kamar kamu shida, da ƙaramar ƙugiya, gama bakin karfasa ƙarami ne. A ɗaura ɗan guntun karan dawa a jikin zaren domin ya yi ta yawo a bisa ruwa. In ya nutse, kifi ya ɗauka ke nan. Abin da a ke sa wa ƙugiya shi ne tana, ko gara, ko ɗan curin tuwo da aka murza da dusa. Wasu su kan watsa dusa ko garin ƙuli-ƙuli a wuri ɗaya kwana biyu ko uku, har kifi ya saba da zuwa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Halin kifinmu da na Amurka ɗaya ne wajen gudun zafi. Da hantsi, in rana ta ɗaga, sai ya koma zurfi ko inuwar ciyawa da kututture. Saboda haka a fita da sassafe, ko kuwa bayan la'asar har faɗuwar rana. A zauna shiru, kada inuwar mutum ta faɗa cikin ruwa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, ba kuwa ƙarya su ka yi ba.

Yanzu ga inda damuwar ta ke. Karfasa tana da wata al'ada mai ban mamaki. Namiji ya kan share ɗan rami a ƙasan ruwa marar zurfi, macen ta zuba ƙwai a ciki. A irin da ya fi yawa a madatsunmu, uwar ta kan kwashe ƙwan nan, ɗaruruwa, ta riƙe su cikin bakinta wajen mako biyu, ba ta cin kome, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. Tun da ba ta ci, da wuya ta haɗiyi ƙugiya. Amma in aka ja taru ta bakin gaɓa, ita ce ta fari da za ta shiga, ta tofar da 'ya'yan a kan yashi. Mai tarun yana ganin kifi ɗaya ya kama, alhali ɗaruruwa ya kashe. Tarwaɗa kuma ruwan farko ta ke jira, ta hau cikin ciyawar da ruwa ya malale ta yi ƙwai. Wadda aka kama cikin Mayu da ciki cike, an kama ta da kifin baɗi duka.

Abu biyu sun fi wannan muni. Na ɗaya gidan sauro. An raba shi domin ya tsare 'ya'yanmu daga zazzaɓin cizon sauro, amma wasu su kan mai da shi abin kamun kifi. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya. An yi hasara biyu ke nan: yaro ya kwana sauro na cizonsa, tafki kuma ya zama kango. Na biyu guba. Manya sun tuna yadda a ke zuba Gamalin 20 a ruwa, kifi ya taso fari fat. Yau ma akwai mai yin haka da maganin feshin gona. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi a ke ɗiba a kai gida, kifin kuma cikin mutane zai shiga. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da inci uku, in ban da wasu 'yan irin kamu da ta keɓe. Amma ma'aikacin gwamnati ba ya kwana a bakin kowane tafki. Mai tsaron gaskiya shi ne uban da ya hana ɗansa, da uwar da ta ƙi saye.

Ga ma'auni mai sauƙi da kowane yaro zai iya riƙewa. In karfasa ba ta kai tafin hannun babban mutum ba, a jiƙa hannu, a zare ƙugiya a hankali, a mai da ita. Bayan 'yan watanni za ta ninka nauyinta, ta kuma bar 'ya'ya. Kada a haɗa ta da kawara, wadda ita ƙarama ce tun asali. A koya wa yara bambancin ɗan kifi da ƙaramin kifi.

Iyaye, a lura da lafiyar masu fatsa kuma. Ƙasan madatsa ba kamar na kududdufi ba ne. Akwai ramuka da laka mai riƙe ƙafa, musamman inda aka haƙi ƙasa domin gini. Kada yaro ya tafi shi kaɗai, kada kuma ya shiga ruwa domin ƙugiya ta maƙale. Ƙugiya ba ta kai rai ba. Sa'an nan akwai tsargiya. Ƙwayarta tana zaune cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsayawa cikin ruwa. In an ga jini a fitsarin yaro, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa. Ciwo ne, yana da magani a asibiti, a kai shi da wuri. Mai fatsa daga tudu ya fi mai shiga ruwa tsira.

In kifi ya zo gida, kada a bar shi ya wuni, gama zafin bazara ba ya jira. A kankare, a fasa ciki, a wanke da lemun tsami, a sa gishiri. Wanda za a ci yau a soya da man gyaɗa ko a sa a miyar kuka. Sauran a yi bandarsa. Kawara kuwa in ta bushe sarai, a daka ta da ƙashinta har ta yi laushi, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya cikin faten yaron da aka yaye. Naman yana gina jiki, ƙashin yana ƙarfafa ƙashi da haƙori.

Manomi ba ya cin irin shukarsa ko da yunwa ta matsa, ya san damina tana tafe. Mu da mu ka gaji wannan hikima a gona, ya kamata mu tafi da ita bakin ruwa. A wannan bazara, sa'ad da yaro ya ɗauki sandarsa zai fita, a tambaye shi da wa zai tafi, a kuma nuna masa tafin hannu.