Bishop Ɗin da Ya Sayi Littafi Don Ya Ƙona

Mai karatu, a ce kai ne bishop na birnin Landan a shekarar 1526. Labari ya iso maka cewa wani littafi na shigowa ƙasar a ɓoye, cushe cikin dilolin yadi da jiragen fatake ke saukewa a bakin kogi. Ba littafin tsafi ba ne, ba na batsa ba. Sabon Alkawari ne, amma da Ingilishi, yaren da mai sayar da kifi da mai wanki suke ji. Doka kuwa ta hana. Yaya za ka yi?

Dokar tsohuwa ce. Tun 1409 manyan cocin Ingila suka haramta fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi sai da izinin bishop. Da Latinanci ake karanta shi, talaka ya ji sauti, ya ce amin, ya koma gida. Hujjarsu ita ce idan kowa ya riƙe littafin, kowa zai zama malamin kansa, coci ya wargaje. John Wycliffe, wanda shi da almajiransa suka taɓa yin fassarar, ya mutu a 1384, amma a 1428 aka tono ƙasusuwansa aka ƙona, aka watsa tokar a kogi. In haka aka yi wa matacce, ina ga mai rai?

Duk da haka wani matashin limami, William Tyndale, wanda ya yi karatu a Oxford ya kuma ƙware a Helenanci, ya ƙudura sai ya yi. An ruwaito cewa a wata gardama ya gaya wa wani malami cewa in Allah ya ja kwanansa, sai ya sa yaron da ke bin garma a gona ya fi malamin sanin littafin. Bai fara da tawaye ba. A 1523 ya je Landan neman izini da masauki wurin Bishop Cuthbert Tunstall, mutum mai zurfin ilimi, aminin shahararren masani Erasmus. Bishop ya ce gidansa a cike yake. Shekarar da ta biyo baya Tyndale ya tsallaka teku, bai kuwa sake taka ƙasar haihuwarsa ba.

A birnin Cologne na Jamus aka fara buga aikin a 1525. Wani malamin Katolika mai suna Cochlaeus ya shinshino maganar, ya gayyaci ma'aikatan maɗaba'ar, ya cika su da giya har bakinsu ya buɗe. Kafin hukuma ta iso, Tyndale ya kwashe takardun da aka riga aka buga ya bi kogin Rhine zuwa Worms. Can aka kammala a 1526, ɗan ƙaramin littafi mai sauƙin ɓoyewa cikin riga.

Tunstall ya tara abin da ya kama ya sa aka cinna masa wuta a harabar majami'ar St Paul's, yana cewa fassarar cike take da kurakurai. Wuta ta mutu, jirage suka ci gaba da zuwa. Sai dabara ta faɗo masa: me zai hana a tare abin tun daga tushe?

Marubucin tarihin zamanin, Edward Hall, shi ya kawo abin da ya biyo baya. Ya ce bishop ya haɗu a birnin Antwerp da wani ɗan kasuwar Landan, Augustine Packington, wanda ya ce ya san masu littattafan, in dai akwai kuɗi zai sayo masa su kakaf. Bishop ya ce ya saya, ko nawa ne zai biya. Abin da bai sani ba, Packington mutumin Tyndale ne. Kai tsaye ya wuce wurinsa ya ce ya samo masa mai saye. Wane ne? Bishop na Landan. Tyndale ya ce ai ƙonawa zai yi. Packington ya ce ƙwarai kuwa.

To, mai karatu, da kai ne, za ka sayar da guminka ga wanda ka san wuta zai kai shi? Tyndale bashi ya yi masa katutu, kuma yana son ya gyara kurakuran bugun farko. Ya lissafa, ya ga riba biyu: kuɗin zai fitar da shi daga bashi ya buga sabo, jama'a kuma za su yi tir da ganin ana ƙona maganar Allah. Ya sayar. Bishop ya kwashi littattafai, Tyndale ya kwashi kuɗi, gyararren bugu ya kwararo Ingila fiye da na da. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hall ya ƙara da cewa daga baya aka kama wani George Constantine, ɗaya daga masu fasa-ƙwaurin littafin, aka kai shi gaban Thomas More, babban alƙalin ƙasa. More ya matsa masa ya faɗi mai ciyar da su a ƙetare. Ya ce Bishop na Landan ne, da kuɗin da ya zuba wajen sayen littattafan. More ya ce shi ma abin da ya zata ke nan, kuma ya gargaɗi bishop tun kafin ya fara.

Dariyar ba ta daɗe ba. Tyndale ya koyi Ibrananci, ya fitar da littattafan Musa biyar a 1530, a shekarar kuma ya yi rubutu yana sukar yunƙurin Sarki Henry na 8 na rabuwa da matarsa. Ga coci na nemansa, ga sarki na jin haushinsa. Ya fake a gidan fataken Ingila da ke Antwerp, inda hukuma ba ta faye kutsawa ba. Sai ga wani saurayi mai fara'a, Henry Phillips, wanda ya cinye kuɗin mahaifinsa a caca. Ya shige jikin Tyndale, suka ci abinci tare. Wata rana a watan Mayun 1535, in ji marubucin tarihi John Foxe, ya ari sule 40 a hannunsa, suka fito tare ta wani siririn lungu. Phillips ya ce malam ya wuce gaba, don girmamawa. Phillips dogo ne, sai ya ɗaga yatsa ta bayansa ya nuna wa dogaran da ya girke a bakin ƙofa. Kuɗin aron ma bai mayar ba.

Wata 16 ya yi a kurkukun Vilvoorde, kusa da Brussels. Wasiƙa ɗaya ta tsira daga can. Ka san abin da ya roƙa? Hula mai ɗumi, riga mai kauri, fitila don zaman duhu ya ishe shi, sannan fiye da komai, a ba shi Littafinsa na Ibrananci da nahawu da ƙamus. Mutumin da ke jiran hukuncin kisa, aiki yake neman ya ƙarasa. A watan Oktoban 1536 aka shaƙe shi a jikin gungume aka ƙona gawar. Addu'arsa ta ƙarshe, kamar yadda aka ruwaito, ita ce Allah ya buɗe idanun Sarkin Ingila.

A 1537 wani Littafi Mai Tsarki ya fito da sunan Thomas Matthew, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba. Abokin Tyndale, John Rogers, shi ya harhaɗa shi, yawancinsa kuwa aikin marigayin ne. Sarki, wanda a lokacin ya riga ya raba gari da Fafaroma, ya ba da izinin sayar da shi. A 1538 aka umarci kowane coci ya ajiye Littafi na Ingilishi inda jama'a za su karanta, a 1539 aka fitar da babban bugun da za a ajiye, shi ma a kan aikin Tyndale aka gina shi. A shafin farko na wasu bugunsa na baya an rubuta sunayen bishop biyu da suka duba shi bisa umarnin sarki. Ɗaya Nicholas Heath ne. Ɗayan kuwa, mai karatu, Cuthbert Tunstall.